Yadda ake cire launi daga jikin fil ɗin makulli ba tare da an rage masa tsawo ba

Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin fil na masu gyaran makulli ya san yadda yake ɗaukar ido: gida-gida, kowane gida da lambarsa, ga ƙwayoyin fil, wato ƙananan guntayen ƙarfen da ke cikin makulli, ja da kore da shuɗi da ruwan zinare a kwance kamar duwatsun ado. To amma ba don kwalliya aka shafa musu launin ba. Alama ce, don idon mutum ba zai iya bambance fil mai tsawon inci 0.195 da mai 0.198 ba, alhali makulli yana bambancewa. Ranar da ka wanke launin nan, ka goge wa fil sunansa ke nan, sai ma'auni kaɗai zai sake faɗa maka ko wane ne. Shi ya sa aikin da zan bayyana, rabinsa wanki ne, rabinsa kuma tsare lissafi.

Ga wanda bai saba da cikin makulli ba, ga yadda abin yake a taƙaice. Irin wannan makullin, wanda Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a 1861 ya kuma inganta a 1865, yana da zuciya mai juyawa a cikin gida. An huda ramuka biyar ko shida da suka ratsa gidan zuwa cikin zuciyar. A kowane rami akwai fil na ƙasa wanda yake zama a kan haƙoran mabuɗi, da fil na sama, da sifirin da yake danno su. Idan mabuɗin daidai ne, sai ya ɗaga kowane fil na ƙasa har kansa ya yi daidai da bayan zuciyar, bai fito ba, bai nutse ba, sai zuciya ta juya. Tsawon fil na ƙasa shi ne sirrin duka. A makullan Schlage tazarar da ke tsakanin lamba da lamba inci 0.015 ce, tun daga 0.165 har zuwa 0.300. A na Kwikset tazarar 0.023 ce. Akwatunan da ake yi don su shiga kowane irin makulli, irin na kamfanin LAB, suna hawa da 0.003 ko 0.005. Inci 0.003 bai kai milimita 0.08 ba, wato bai kai kaurin fallen takardar rubutu ba. Ka riƙe wannan a ranka duk lokacin da hannunka ya yi marmarin ɗaukar samfefa.

Kafin ka ɓata asiton

Ka fara tambayar kanka ko aikin ya zama dole. Idan fil marar launi kake so kuma kana da hanyar samunsa, ka saya kawai, ana sayar da su haka nan tsirara, kuma ya fi maka sauƙi. Masu cire launi suna da dalilansu dai. Wani yana gyara tsohon makulli yana so cikinsa ya koma yadda ya fito daga masana'anta. Wani ya yanke gefen makulli don koyar da almajirai, yana so a ga tagulla zalla. Wani zai sassaƙa fil ɗin tsaro da kansa, wato irin fil ɗin da yake maƙale wa mai buɗe makulli ba da mabuɗi ba, launin yana hana shi ganin inda bakin ƙarfe ya ci. Akwai kuma masu tsoron cewa wanda ya haska fitila cikin ramin mabuɗi zai hango launin fil na gaba ya kintaci tsawonsa. Wannan tsoron yana da ɗan tushe, amma ni ban ɗauke shi da zafi ba: launukan maimaita kansu suke yi a cikin akwati, launi ɗaya yana kan tsawo da yawa, sannan gogar mabuɗi tana cinye launin bakin fil da kanta bayan ɗan lokaci. Dalilin da na fi yarda da shi shi ne na fil mai arha wanda aka lafta wa fenti mai kauri. Irin wannan fentin yana ɓarewa a cikin rami, ya haɗu da mai da ƙura ya zama danƙo, sai ka ji mabuɗi yana shiga da ƙyar.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: ƙananan kwalabe na gilashi masu murfi, guda shida ko fiye, asiton tsantsa (sinadarin narkar da fenti, irin na cikin ruwan cire jan farce), garin sitirik (asid ɗin lemon tsami) ko binega fara, bekin soda, sabulun ruwa, matsefata, ƙaramin mataci na ƙarfe, tsohon buroshin haƙori, tsinken sakace, tsumma mai laushi na auduga, man goge tagulla, maganaɗisu, gilashin ƙara girma, salatif na takarda da alƙalamin maka don rubuta lamba, sai tabarau na kare ido. Abin da ba a yin aikin sai da shi kuwa shi ne ma'aunin kauri mai nuna lamba har zuwa inci 0.001, ko maikuromita idan kana da ita, ta fi. In ba ka da ma'auni, ka ajiye aikin sai ranar da ka samu.

Mataki na farko: warewa da awo

Idan daga akwati za ka ɗebo fil, abin da sauƙi. Kowane tsawo kwalbarsa daban, ka rubuta lambar a salatif ka manna a jikin kwalba. Kada ka rubuta da maka kai tsaye a kan gilashi, ɗigon asiton ɗaya zai share rubutun. Kada kuma ka manna a murfi kawai, murafe suna musanya.

Idan kuwa daga cikin makulli za ka fitar da su, makullinka ko na wanda ya ba ka aiki, ka shimfiɗa tawul mai haske a kan tebur don kada su gangara. Ka cire abin da ya riƙe zuciyar ta baya, ka sa mabuɗi, ka ɗan juya shi, sannan ka turo zuciyar waje da sanda mai kauri daidai da ita, wadda za ta maye gurbinta ta riƙe fil na sama da sifirin a mazauninsu. A yawancin makullan ƙofa kaurin zuciya rabin inci ne. Kada ka bar sarari tsakanin sandar da zuciyar, in ba haka ba fil na sama zai faɗo ya maƙale. Da zuciya ta fito, ka toshe ramuka da yatsa, ka riƙa zubo fil ɗaya-ɗaya daga gaba zuwa baya, kana ajiye kowanne a gurbinsa: na rami na ɗaya, na biyu, har na ƙarshe. Idan ka ga wani ɗan siriri kamar ƙwayar magani a saman fil na ƙasa, wannan na tsarin babban mabuɗi ne, mai sa mabuɗi biyu su buɗe makulli ɗaya. Ka rubuta ramin da ya fito. Wasu kaurinsu bai wuce inci 0.030 ba, in ya faɗi ƙasa sai dai ka yi masa addu'a.

Yanzu ka auna kowanne ka rubuta tsawonsa da kaurinsa. Kaurin da aka fi samu inci 0.115 ne, kusan milimita 2.9. Wajen awo kada ka matse bakin ma'auni da ƙarfi, tagulla tana da laushi, kuma tsinin fil yana iya lotsawa. Ka auna sau biyu. Wannan lambar ita za ka koma wa a ƙarshe don ka san ko ka ci ƙarfe ko ba ka ci ba.

Na taɓa raina wannan matakin. Wata rana ina sauri, na kwashi fil na tsawo bakwai na zuba a kwalba ɗaya, ina cewa ai na san su. Bayan rabin awa na tace, sai ga su duk sun fito fes, launi ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su. Wunin ranar na ƙare shi a zaune da matsefata da ma'auni, ina auna ƙwaya wajen ɗari ɗaya bayan ɗaya, ido yana ruwa. Wankin kuwa bai wuce minti talatin ba.

Sifirin kuma kada ka haɗa shi da fil a wanki ko kaɗan. Suna sarƙewa da juna, in ka ja su wajen rabawa sai su miƙe su rasa ƙarfi. Idan sun tsufa ka sa sababbi.

Mataki na biyu: gano ƙarfen da irin launin

Abin da ido yake gani launi ne kawai, amma hanyar da aka bi aka ɗora shi ba ɗaya ba ce, kuma maganin kowanne daban. Ka ware ƙwaya ɗaya ko biyu na gwaji, waɗanda ba ka damu da asararsu ba.

Ka fara kai musu maganaɗisu. Wanda ya manne baƙin ƙarfe ne, irin wanda ake sa wa a ramukan gaba na wasu makullai don ya karya bakin injin huda. Shi asiton kaɗai ya dace da shi, ko kusa da ruwan asid kada ya je, tsatsa zai yi. Wanda bai manne ba, ka ɗan karce gefensa da bakin wuƙa, a tsakiya, ba a kai ko a tsini ba. Idan rawaya ta bayyana, tagulla ce, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya, galibi da ɗan dalma a ciki don ta yi daɗin yanka a inji. Idan fari ya bayyana kuma ƙwayar tana da nauyi, haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya ne, wanda ake yi wa laƙabi da azurfar nikel duk da babu ko ɗigon azurfa a cikinsa. Idan fari ne amma ba nauyi, alminiyum ne. Tagulla ta ninka alminiyum nauyi kusan sau uku, ko a tafin hannu za ka ji bambancin idan ka ɗebi goma-goma.

Sai ka ɗiga asiton a farin tsumma ka murza ƙwayar gwajin. Idan tsumma ya ɗauki launi nan take, fenti ne ko rini mai danƙo da aka shafa a sama, aikinka ya zo da sauƙi. Idan tsumma ya ɗan rine kaɗan amma fil yana nan da launinsa, to an jiƙa tagullar ce a sinadari har fatarta ta canja ta riƙe rini. Wannan fatar siririya ce ƙwarai, yawanci ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, amma asiton ba ya narkar da ita. Idan kuwa alminiyum ne kuma asiton bai yi masa komai ba, an gina masa fata ce da wutar lantarki aka cusa rini a cikinta. Zan zo kansa.

Mataki na uku: jiƙo a asiton

Ka yi aikin a inda iska take kaiwa da komowa, nesa da duk wata wuta, har da sigari da tartsatsin injin wasa ƙarfe. Asiton yana tafasa a digiri 56 kacal, tururinsa yana kama wuta ko a cikin sanyin da ya sa ruwa ya daskare, kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da wuta a inda ba ka zata ba. Gilashi na ce, don asiton yana narkar da robobi da yawa. Akwatin fil ɗinka kansa, idan na roba mai haske ne, ɗigo ɗaya zai bar masa tabo fari. Safar hannu ta roba siririya ma ba ta daɗewa a gabansa, saboda haka matsefata za ta shiga kwalba, ba yatsa ba. Ruwan cire jan farce yana iya yi idan babu wani, sai dai yawancinsa an sirka shi da ruwa da mai da turare, yana da rauni kuma yana barin maiƙo.

Ka zuba fil a kwalba, kada su wuce shimfiɗa ɗaya a gindinta. Ka zuba asiton ya sha kansu da kamar faɗin yatsa, ka rufe, ka bar su minti goma sha biyar. Sai ka ɗan jujjuya kwalbar a hankali, yadda za su gogi juna. Kada ka girgiza kamar mai kaɗa magani, tsininsu zai riƙa dukan gilashi. Za ka ga ruwan ya rine. Ka tace a mataci, ka zuba sabon asiton kaɗan ka sake ɗauraye su. Wannan ɗauraya ta biyu ita mutane suke tsallakewa, sai rinin da ya narke ya sake bushewa a jikin fil ya bar masa dishi-dishi. Asiton ba ya cin tagulla, saboda haka idan launin ya yi taurin kai kana iya barin su su kwana a ciki, murfi a rufe. Idan sun kwana bai saki ba, ka gwada tina irin ta masu fentin mota, da sharuɗɗan nan na wuta da iska. Maganin cire fenti mai ƙarfi irin na kafintoci kuwa ya yi wa wannan ɗan aikin yawa, haɗarinsa ga huhu da fata ya fi amfaninsa.

Fil ɗin tsaro, mai siririn ƙugu kamar kwarkwaron zare ko mai tsaga-tsaga a jiki, yana ɓoye launi a lungunansa. Ka riƙe shi da matsefata tun yana jiƙe, ka bi tsagar da tsinken sakace, ka bi bayansa da buroshi. Kada ka sa allura ko bakin wuƙa. Kaifin gefen tsagar nan shi ne amfanin fil ɗin, shi yake maƙalewa idan wani ya zo buɗe makulli ba da mabuɗi ba. In ka dakushe shi, ka mayar da fil ɗin tsaro fil na banza.

Mataki na huɗu: ruwan asid mai sauƙi

Wannan na tagulla da azurfar nikel ne waɗanda asiton ya kasa. A nan ne ake buƙatar ido da agogo, don asid bai san inda launi ya ƙare ƙarfe ya fara ba.

Ka narkar da ƙaramin cokali ɗaya na garin sitirik a kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi, ko ka sirka binega fara da ruwa rabi da rabi. Ka tabbata fil ya bushe daga asiton kuma babu maiƙo a jikinsa, in ba haka ba asid zai ci wani wuri ya bar wani, ya fito dabbare-dabbare. Ka fara da ƙwayar gwaji. Ka jefa ta, bayan minti biyu ka ciro ka murza a tsumma. Idan launi ya fara saki, ka san lokacinka ke nan. Idan bai saki ba ka mayar, ka ƙara minti biyu, haka-haka har minti goma. Bayan minti goma in bai motsa ba, ka haƙura da asid ka koma guga.

Alamar da za ka tsaya cak ita ce idan tagulla ta fara komawa ja-ja, kamar sabon jan ƙarfe. Ma'anarta asid ya fara tsotse tutiyar da ke saman fata ya bar jan ƙarfe shi kaɗai. Idan ɗan kaɗan ne, guga za ta ɗauke shi. Idan ya kwana a ciki, fatar ta zama mai ƙuraje, ka jefar da shi kawai. Kada ka ƙara gishiri a ruwan, ko da ka ji ana cewa yana sa tagulla haske. Yana sa ta, amma yana hanzarta wannan cin. Asid mai ƙarfi irin na batir ko na wanke tayil kuwa ko a mafarki.

Da ka ciro su, ka zuba su kai tsaye a ruwan da ka narkar da bekin soda a ciki, minti ɗaya, don ya kashe sauran asid. Sai ɗauraya da ruwa mai yawa. Wasu irin wannan fatar ana yin su da sinadarin kuromiyam mai cutarwa, ita tagullar ma ga dalma a cikinta, don haka kada ka ci abinci a kan teburin aiki, kada ka riƙe fil da leɓe kamar yadda teloli suke riƙe allura, kuma ka wanke hannu idan ka gama.

Wani abu da zan ja kunne a kai shi ne amoniya. Tana cikin wasu ruwan goge gilashi da yawancin man goge tagulla na ruwa. Tagullar da aka matsa ko aka lanƙwasa, idan ta daɗe cikin tururin amoniya, tsagewa take yi daga ciki. Sojojin Birtaniya a Indiya ne suka fara shan wannan wahalar: kwanson harsashinsu na tagulla ya riƙa tsagewa a lokacin damina ba a san dalili ba, sai a 1921 aka tabbatar cewa amoniyar fitsarin dawaki ce, don a bargar dawaki ake ajiye harsasan. Shafa man guga na minti ɗaya a wanke ba zai yi wa fil komai ba. Jiƙa shi a ciki, ko ajiye shi da ragowar man a jiki, shi ne abin gudu.

Mataki na biyar: guga

A nan ne garin neman gira ake rasa ido. Fil yana da wurare uku: gefe, da kai, da tsini. Gefe yana da ɗan sarari a cikin rami, ko ka ɗan ci shi kaɗan ba a ji. Kai da tsini su ne tsawo, su ba a taɓa su da wani abu mai ci.

Hanyar da na fi so ita ce mafi arha. Ka shimfiɗa tsumma ninki biyu a kan gilashi ko wani abu mai santsi, ka ɗiga man guga kamar ƙwayar wake, ka baza shi. Ka ɗora fil biyar ko shida masu tsawo ɗaya a kwance, ka rufe da ɗaya gefen tsumman, ka ɗora tafin hannu ka mirgina su gaba da baya kamar sau ashirin. Ka buɗe ka duba. Tsumman zai yi baƙi, wannan ba datti ba ne kawai, har da ƙarfen da ka cire, don haka da launi ya tafi ka tsaya. Ba madubi kake yi ba. Kai da tsini kuma, ka riƙe fil a tsaye ka murza shi sau biyu ko uku a kan tsumma mai ɗan mai, shi ke nan. Idan ɗan launi ya rage a tsini, ka bar shi, mabuɗi zai ƙarasa aikin cikin mako guda.

Wasu suna ɗaure fil a bakin injin huda su juya shi suna goga masa soson ƙarfe mai laushi, lamba 0000. Yana sauri, amma haƙoran injin suna barin sawu uku a jikin tagulla, sai ka naɗe inda za su kama da salatif, ka ɗaure sama-sama, ka juya a hankali. Babban haɗarinsa shi ne soson yana zamewa ya naɗe kafaɗar fil, wato gefen kansa, ya mayar da ita zagaye. Fil na ƙasa da kafaɗarsa ta zagaye fiye da yadda aka ƙera shi yana karɓar mabuɗin da bai kamata ya karɓa ba, kuma yana sauƙaƙa wa mai buɗewa da waya. Sannan soson yana zubar da gashi, wanda in ya shiga makulli zai yi tsatsa, sai ka bi fil ɗin da maganaɗisu bayan ka gama.

Idan ɗaruruwa ne a gabanka, injin gugar da yake karkarwa da garin ɓawon goro na Turawa ko na totuwar masara yana yi, ba ya cin ƙarfe sosai. Dabarar kada su cakuɗe ita ce ka zuba kowane tsawo a ƙaramar robar magani tare da garin, ka rufe ka naɗe da salatif, ka jefa robobin duka a injin. Ka riƙa ciro ƙwaya ɗaya duk bayan rabin awa kana aunawa. Injin wanki mai girgiza ruwa da sauti shi ma yana fitar da datti daga lungu, amma ruwan sabulu mai ɗumi kaɗai za ka sa masa. Kada asiton ko tina su shiga cikinsa, yana ɗumama su ya tayar da tururi kusa da lantarki.

Game da alminiyum

Abin da yake cire irin fatarsa shi ne soda mai ƙuna, wadda ake dafa sabulu da ita. Tana cirewa cikin minti kaɗan, amma tana narkar da alminiyum ɗin kansa, tana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, kuma ɗigo ɗaya a ido ya isa ya makantar. Fatar tana iya kai inci 0.001 a kauri, ka cire ta a kai ka cire a tsini, ga abin da soda ta ƙara ci, ka ga fil ya tashi daga lambarsa. Abin da ya rage kuma ƙarfe ne mai laushi wanda mabuɗi zai cinye da wuri, don fatar ce take ba shi tauri. Shawarata ita ce ka bar shi da launinsa a makullin koyo, ko ka musanya shi da tagulla.

Mataki na shida: wanki, bushewa, sake awo

Ka wanke kowane rukuni da ruwan sabulu mai ɗumi, ka bi lungu da buroshi don fitar da man guga, ka ɗauraye. Sai ka tsoma su cikin sabon asiton na daƙiƙa kaɗan, yana kwashe ruwan da ya maƙale, ka baza su a busasshen tsumma, cikin minti biyu sun bushe. Daga nan matsefata kawai, gumin yatsa yana barin tambari a sabuwar tagulla cikin kwana biyu. Za ta dusashe da kanta a hankali ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, wannan ba ya hana ta aiki, kuma kada ka ce za ka shafa mata wani abu mai sheƙi don ka hana, ka koma gidan jiya ke nan.

Ka auna kowanne ka gwada da lambar da ka rubuta. Ni dokata ita ce: idan ragin bai kai inci 0.001 ba, babu laifi. Idan ya kai 0.002, ba zai shiga ƙofar kowa ba, sai makullin koyo. Ka duba tsini da kafaɗa a gilashin ƙara girma, kana neman lotsawa ko ƙuraje. Ragowar asiton mai rini kada ka zuba a magudana. Idan kaɗan ne, ka bar kwalbar a buɗe a waje, inda yara da wuta ba sa kaiwa, ya bushe, tsumman ma ka shanya shi a buɗe kafin ka jefar.

Mataki na bakwai: mayarwa da gwaji

Ka sa mabuɗi a zuciya tun tana waje, ka jefa fil na ƙasa kowanne a raminsa, tsini yana kallon ƙasa. Ka ɗaga zuciyar saitin ido ka kalli bayanta ta gefe, sannan ka shafa da farce daga gaba zuwa baya. Farce bai kamata ya yi tuntuɓe ba, bai kamata kuma ya faɗa rami ba. Wanda ya fito sama ka musanya shi da wani rami ne ko ka ɗauko daga kwalbar da ba tasa ba. Kada ka ɗauki zarto ka daidaita shi, ka nemo na daidai. Idan komai ya kwanta lafiya, ka tura zuciyar ta kori sandar, a karkace kamar yadda ka fito da ita, ka danne fuskarta da babban yatsa kafin ka zare mabuɗi, don idan ba ka mayar da abin riƙe ta na baya ba, mabuɗin zai jawo ta waje, fil da sifirin su watse a ɗaki.

Ka ɗaure bayan, ka fesa ɗan man makulli busasshe, irin mai Teflon, ko ka hura garin girafayit (baƙin abin da ke cikin fensir) kaɗan, ɗaya daga ciki, don girafayit da mai in sun haɗu taɓo suke zama. Ka sa mabuɗi ka zare sau goma, ka juya dama da hagu sau goma, ka gwada duk mabuɗan da suke buɗe makullin, ba ɗaya ba. Idan ka mayar da shi jikin ƙofa, gwajin farko ka yi shi ƙofa a buɗe. Fil ɗin da suka rage kuma ka juye su a ƙananan ledoji masu zif, kowace leda tsawo ɗaya, ka rubuta lambar a takarda ka jefa a ciki tare da su.